Gwajin aikin ƙwaƙwalwa kafin a toshe dunƙulen jijiyoyin jini: yadda ake yin sa daki-daki

Masu karatu da dama waɗanda aka gano wa ɗan'uwansu cutar nan da likitoci ke kira AVM, wato cukurkuɗaɗɗen dunƙulen jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, sun yi ta maimaita tambaya ɗaya. An ce musu za a zura siririn bututu har cikin ƙwaƙwalwa a toshe jijiyar jini da gam. To, yaya likita zai tabbatar cewa jijiyar da zai toshe ba ita ce ke shayar da wurin magana, ko wurin motsa hannu, ko wurin gani ba? Akwai gwajin da ake yi a kan teburin aikin, 'yan mintoci kafin a zuba gam ɗin. Idan a farke aka yi shi, maras lafiyan ne da bakinsa da hannunsa ke ba da amsa.

A ƙa'ida jini yana fitowa daga jijiyoyin da ke kawo shi, ya ratsa ƙananan hanyoyi sirara inda yake sauke abinci da iskar oksijin, sannan ya zuba cikin jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya. Mai AVM akwai wani wuri a ƙwaƙwalwarsa da babu waɗannan ƙananan hanyoyi, sai wani dunƙule na jijiyoyi a cukurkuɗe, jini na bi ta ciki da ƙarfi yana zarcewa. Dunƙulen ba ya tsinana komai, toshe shi ba asara ba ce. Matsalar ita ce jijiyar da ke kai masa jini takan ba lafiyayyen nama rassa a kan hanyarta, wasu rassan kuma sun yi ƙanƙantar da hoto ba ya nuna su. Don haka sai a ɗura ɗan maganin barci mai saurin sakin jiki ta cikin bututun, a daidai inda ake niyyar zuba gam. In akwai lafiyayyen nama a gaba, zai yi barci na 'yan mintoci, a ga abin da ya ɗauke. Za ku ji ana ce masa gwajin Wada, da sunan Juhn Wada, likita ɗan Japan da ya fara wallafa bayanin ɗura irin wannan magani ta jijiyar wuya a 1949. Wanda muke magana a kai nau'insa ne da ake yi wa reshe ɗaya tak.

1. A fara tabbatar da cewa toshewar ta kama

Kafin maganar gwaji, ku tambayi likita abu biyu: dunƙulen ya taɓa fashewa, kuma a wane mataki yake? Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Spetzler da Martin ne, na shekarar 1986. Yana duba girman dunƙulen (ƙasa da santimita 3, tsakanin 3 da 6, ko sama da 6), da ko yana zaune a wuri mai aiki na musamman, da ko jininsa yana fita ta jijiyoyin can ciki. A haɗa maki a sami mataki na 1 zuwa na 5. Gwajin da muke bayani ya fi shafar waɗanda dunƙulensu ke kusa da wurin motsi, magana, gani, ko zurfin ƙwaƙwalwa.

Gargaɗi: ba kowane dunƙule ake taɓawa ba. Binciken ARUBA da aka buga a 2014 ya bi mutum 223 waɗanda nasu bai taɓa fashewa ba. A cikin kimanin wata 33, mutuwa ko shanyewar ɓarin jiki ta sami kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka bari da magani kawai, ta kuma sami kusan kashi 31 na waɗanda aka yi wa aiki. Likitoci da yawa sun soki binciken saboda gajartar lokacin bibiya, kuma sukan tana da hujja, amma ya isa ya sa ku nemi a faɗa muku dalilin aikin ƙarara. Wanda nasa ya riga ya zubar da jini lissafinsa daban ne.

2. Hotunan da ake ɗauka kafin ranar aiki

Za a yi hoton MRI, da anjiyogram, wato hoton jijiyoyin jini da ake ɗauka ta bututu tare da ruwan rini. Asibitocin da ke da kayan aiki sukan ƙara biyu: MRI na aiki, inda ake sa mutum ya riƙa motsa yatsu ko tunanin kalmomi yana cikin na'ura don a ga ɓangaren da ke farkawa, da kuma hoton da ke zana igiyoyin saƙo da ke ratsa cikin ƙwaƙwalwa. A shiga MRI ba kwalli a ido, don wani kwallin yana da ƙarfe kuma yana ɓata hoto. A cire sarƙa da 'yan kunne da laya, mai haƙorin Makka kuma ya sanar. A tambaya ko za a ɗaga ƙafa da goro da shayi da kofi a safiyar, tunda sinadarin da ke cikinsu yana tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Gargaɗi: MRI na aiki gudun jini yake aunawa, gudun jini kuwa a kusa da dunƙulen a hargitse yake. Yana iya nuna wuri shiru alhali wurin yana aiki. Shi ya sa wannan hoto ba ya maye gurbin gwajin kan tebur.

Akwai wata tambaya da za a yi muku wadda Bahaushe yakan amsa ba daidai ba da zuciya ɗaya: da wane hannu yake amfani? Kusan kashi 95 cikin 100 na masu hannun dama wurin maganarsu yana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. A cikin bahagwai adadin ya sauko zuwa wajen kashi 70. A gidajenmu kuwa yaro bahago tun yana ƙarami ake bugun hannunsa har ya koma ci da rubutu da dama. Idan maras lafiyan irin wannan ne, ku faɗa. Ku duba hannun da yake jifa da shi, ko riƙe fartanya, ko yanka albasa. Ban da haka, mutumin da ya girma da dunƙule a ɓarin hagu wani lokaci ƙwaƙwalwarsa takan kwashe wani sashe na aikin magana ta kai wani wurin, har ɓarin dama. Taswirar cikin littafi ba ta isa a dogara da ita ba.

3. A farke ko a cikin barci?

Wannan shawara ce da ake yankewa tun kafin ranar, kuma kuna da baki a ciki. A farke, ana kashe wurin da za a huda, a ba da ɗan maganin kwantar da hankali, mutum yana ji yana amsawa. Ta haka kaɗai ake iya gwada magana, fahimta, karatu, tunawa da gefen gani. Sharaɗinsa shi ne maras lafiyan ya iya kwanciya sa'o'i kansa bai motsa ba. Ƙaramin yaro, ko mai ruɗewa, ko mai tsananin tsoro, ko mai tari ba ƙaƙƙautawa, ba zai iya ba.

A cikin cikakken barci kai ba ya motsi, hoto ya fi fita, an fi iya riƙe hawan jini. Sai a maye gurbin tambayoyi da na'urori. Ana sa ƙananan allurai a fatar kai a aika ɗan lantarki, a ga ko tsokar hannu da ƙafa sun amsa. Ana tsokanar jijiyar wuyan hannu da ta idon sawu, a ga ko saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. Ana kuma bin wutar ƙwaƙwalwa da na'urar EEG. Likitan sa barci yakan yi amfani da maganin da ake ɗurawa ta jini irin su propofol, ya rage na shaƙa, ya guji mai sassauta tsoka, domin waɗannan suna dushe saƙonnin.

Gargaɗi: babu na'urar da ke auna magana a jikin mai barci. Idan dunƙulen yana kusa da wurin magana kuma aka ce a barci za a yi, ku tambaya yadda za a kare maganar. Wasu likitoci suna yin gwajin a farke, sannan su sa barci don zuba gam. Wasu kuma ba sa yin gwajin sam, suna dogara da kai bututu har cikin dunƙulen da karanta hoto da kyau. Akwai ƙwararru a kowane ɓangare. Ni dai a ganina, idan magana ce a kan layi, wanda ya gwada ya fi wanda ya yi zato.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Aikin yana buƙatar ɗakin anjiyogram, wanda ya fi dacewa mai ɗaukar hoto ta fuska biyu a lokaci guda, da likitan da ya ƙware a aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta bututu, da likitan sa barci, da mai gwajin magana da motsi, da gadon ɗakin kulawa ta musamman. Dole kuma a sami likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a kusa, ko da jijiya za ta fashe. Asibitin da babu na ƙarshen nan, kada ku kwanta masa.

Maganin gwajin kansa ba shi ne mai cin kuɗi ba. Masu kumbura takardar biya su ne ƙananan bututun, waɗanda sau ɗaya ake amfani da kowanne kuma ana iya cinye da yawa a zama ɗaya, sai abin toshewar. Onyx, alal misali, a kwalabe na mililita 1.5 yake zuwa, babban dunƙule kuma yana shan kwalabe da dama. Ku nemi a rubuta muku farashi a rarrabe: na zama nawa ne, bututu nawa da kwalba nawa aka ƙiyasta, me za a caja idan an zarce, kuɗin masu na'urorin sa ido yana ciki ko a'a, kwana nawa na ɗakin kulawa. Ku kuma tambayi abin da za a biya idan gwaji ya nuna haɗari aka fasa toshewa, don hakan yana faruwa, kuma an riga an buɗe kaya. Masu tafiya Masar ko Indiya ko Saudiyya ko Turkiyya su sani cewa babban dunƙule akan raba aikinsa zama biyu ko uku da tazarar makonni, don haka biza da kuɗin masauki su kai.

5. Tafinta da gwajin farko

Nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma iyali suka fi iya taimakawa. Duk abin da za a gwada bayan an ɗura magani, sai an gwada shi tun da farko, mutum yana garau, an rubuta. In ba a san yadda yake a da ba, ba za a gane abin da ya canja ba. Kwana ɗaya kafin aiki, ko a safiyar, mai gwaji zai zauna da shi: ɗaga hannuwa biyu a riƙe, matse yatsu, motsa yatsun ƙafa, yaƙe haƙora, ƙirga yatsu ta gefen ido, faɗin sunan abin da ke cikin hoto, maimaita jimla, bin umarni, karanta layi. Duk hoton da ya kasa faɗa ko ya yi jinkiri a kansa, a fitar da shi daga jerin. Katunan da aka buga a Turai suna ɗauke da abubuwan da dattijo daga ƙauye bai taɓa gani ba, rashin saninsu kuma ba cuta ba ce. A sa masa buta, akuya, keke, agogo, makulli, tsintsiya.

A yi gwajin da harshen da mutum yake tunani da shi. Mai Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci, ko Hausa da Fulatanci, a gwada duka biyun, domin wuraren harsuna biyu a ƙwaƙwalwa ba lallai su zo ɗaya sak ba. Wanda bai yi boko ba amma yana karanta ajami ko Larabci, da shi za a gwada karatunsa.

Gargaɗi na farko: ƙirga ɗaya zuwa goma, ko jero ranakun mako, ko karanta Fatiha, ba su isa shaida ba. Abin da aka haddace tun ƙuruciya yana iya fitowa sumul daga bakin mutumin da wurin maganarsa ya tsaya. Ana sa ƙirga ne don a ji lokacin da harshe ya sarƙe, amma hukunci yana kan faɗin sunan abu, da maimaita sabuwar jimla, da fahimtar umarni.

Gargaɗi na biyu na tafinta ne. Aikinsa a nan ya saɓa wa abin da ya saba. An nuna wuƙa, Baba ya ce cokali. Tafinta mai ladabi, musamman in ɗansa ne, zai juya ya gaya wa likita wuƙa, don ya san abin da Baba yake nufi. Da wannan gyaran ya shafe sakamakon gwajin gaba ɗaya. Tafinta ya maimaita abin da ya ji yadda ya ji shi: ya ce cokali, ya ce wuta maimakon wuƙa, ya yi shiru, ya fara ya kasa ƙarasawa. Kada ya ba da haske, kada ya ce "Baba, sake dubawa mana." Ya kasance Hausa ce harshensa na gida, ya halarci gwajin farko, kuma asibiti ta amince tun da wuri zai shiga ɗakin aiki sanye da rigar kariya daga hasken na'ura. Mace mai juna biyu ba za ta yi wannan tafintar ba.

6. Jajibiri da safiyar aiki

Za a auna ƙarfin ƙoda saboda ruwan rini, da daskarewar jini, da juna biyu ga mace. A kawo duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe. Maganin tsinka jini da metformin na ciwon suga likita ne zai faɗi ranar dakatar da su. Maganin farfaɗiya ba a tsallake shi, a sha da ɗan kurɓin ruwa. Mai shan tramadol ya faɗi gaskiya, don yana sauƙaƙa tashin farfaɗiya. Wanda ruwan rini ya taɓa yi wa ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi ya sanar.

Yawanci ana daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai dai in asibiti ta faɗi wani abu daban. A tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai, domin wayoyin EEG ba sa kama fata mai maiƙo. Za a aske saman cinya; macen da ke son mace ta yi mata ta nema tun da wuri. A shiga da tabarau da na'urar ji idan ana amfani da su, tunda da su aka yi gwajin farko.

7. Zura bututu

Ana huda jijiyar saman cinya ko ta wuyan hannu, a zura babban bututu har wuya, a ba da heparin don kada jini ya daskare a jikinsa. Ta cikinsa ake tura siririn har reshen da ke shayar da dunƙulen, kusa da shi iyakar iyawa. Sai a ɗura ruwan rini ta siririn a ɗauki hoto. Maras lafiya zai iya jin ɗumi a fuska ko walƙiya a ido na 'yan daƙiƙu. Idan hoton ya nuna lafiyayyen reshe a fili a gaban bututun, ba a ma buƙatar gwaji, matsawa za a yi.

Gargaɗi ga likitan sa barci da masu taya shi: a sassauta maganin kwantar da hankali kafin gwaji, a sake maimaita gwajin farko a kan tebur. Mai gyangyaɗi ba ya ba da amsar da za a dogara da ita.

8. Allurar gwaji

Magungunan da ake amfani da su kashi biyu ne. Na farko masu sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa barci: amobarbital, wanda aka fi sani da Amytal, yawanci miligiram 30 zuwa 50, ko methohexital, ko propofol, ko etomidate a inda Amytal ya yi wuyar samu. Na biyu lidocaine, nau'in da ba a sa masa sinadarin adanawa ba, wanda ke tsayar da saƙo a cikin igiyoyin da ke ratsa zurfin ƙwaƙwalwa. Amytal ba ya taɓa waɗannan igiyoyi sosai, shi ya sa wasu cibiyoyi ke ba da shi, su jira, sannan su bi da lidocaine. Akan fara da Amytal, don lidocaine yana iya tayar da farfaɗiya. Likitocin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suna cikin waɗanda suka wallafa tsarin wannan gwaji tun 1992, suna haɗa shi da EEG.

Ga yadda abin yake a kusa. Maras lafiya yana kwance, kansa a ɗaure, hannuwansa a ɗage, yatsu a buɗe. Tafinta ya ce, "Alhaji, fara ƙirgawa da ƙarfi." Likita ya ɗura maganin a hankali, da irin saurin da ya ɗura ruwan rini, yana faɗin lokaci a rubuta. Cikin daƙiƙu kaɗan abin da zai faru yake faruwa. Idon mai gwaji yana kan hannun da ke ɗaya ɓarin, don ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya dama na jiki. Hannun ya fara sulalewa? Tafin ya kife? Gefen baki ya zube? Sai tambayoyi a jere ba ɓata lokaci: "Mene ne wannan? Maimaita: akuyar Ladi ta shiga gonar liman. Taɓa hancinka da hannun hagu. Yatsu nawa kake gani a nan?" Ana fara da aikin da aka fi ji wa tsoro a wannan reshen, domin methohexital yana sakin jiki cikin 'yan mintoci ƙalilan, Amytal kuma yakan ɗauki wajen minti 5 zuwa 15.

Gargaɗi ga maras lafiya: wannan ba wurin kunya ko dauriya ba ne. An saba in an ce "Yaya jiki?" a ce "Alhamdulillahi." A nan a gode wa Allah, sannan a faɗi abin da ake ji: hannu ya yi nauyi, leɓe ya mutu, gefe ɗaya ya yi duhu, kalma tana bakina ta ƙi fita. A kuma gaya masa tun kafin a shiga cewa in hannu ya mutu ko magana ta ɗauke, na ɗan lokaci ne, zai dawo. Wanda ba a gaya wa ba yakan firgita ya yunƙura, ga bututu a cikin kansa.

9. Karanta sakamako

Idan wani aiki ya ɗauke, ko saƙon na'ura ya faɗi da rabi ko ya ɓace, ba a zuba gam daga wannan wurin. A jira har komai ya koma yadda yake. Daga nan ko a tura bututun gaba ya wuce lafiyayyen reshen a sake gwadawa, ko a koma wani reshe, ko a haƙura da wannan a bar wa tiyata ko haske, wato harba wa dunƙulen hasken na'ura mai ƙarfi daga waje don ya rufe a hankali. Iyalin da aka fito aka ce musu an fasa kada su ɗauka an yi asarar kuɗi. Gwajin ya yi abin da aka kawo shi ya yi.

Gwaji yana iya nuna haɗarin da babu shi. In an ɗura da ƙarfi, maganin yakan koma baya ya shiga rassan da gam ba zai kai ba. In an yi gwaji da yawa a jere, maganin yakan taru a jiki, mutum ya yi ta gyangyaɗi, a ɗauka magana ce ta ɗauke. Maganin wannan shi ne ɗurawa a hankali da ba da tazara.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne akasin haka: gwaji ya fito lafiya, a toshe, a sami illa. Mai noman rani zai gane dalilin nan take. Idan akwai babban rami a ƙarshen hanyar ruwa, duk ruwan can yake zubawa, ƙananan kwalbatocin gefe ba sa samun komai. Ranar da aka cike ramin, ruwa zai juyo ya shiga su. Haka dunƙulen yake zuƙe maganin gwaji gaba ɗaya, lafiyayyen reshe bai ɗanɗana ba. Da gam ya fara cika dunƙulen gudun jini ya ragu, sai sauran gam ya nemi wannan reshen, ko ya koma baya ta jikin bututu. Ga kuma aikin da ba a gwada ba: an duba hannu da magana, ba a duba lissafi ko gefen gani ba. Sannan gwajin ba ya cewa komai game da fashewar jijiya, ko toshewar hanyar fitar jini, waɗanda su ne manyan haɗurran aikin. Saboda haka kyakkyawan sakamako rage haɗari yake yi, kuma likitan da ya ce muku ya kawar da shi ɗungurungum bai faɗa muku daidai ba.

10. Toshewa da sake gwaji

Ana zuba abin toshewar daga daidai inda aka yi gwaji. In bututun ya gusa, ko da kaɗan ne, gwajin baya ya tashi. Kowane sabon reshe da gwajinsa, kowane sabon zama ma haka, don gudun jini yana canjawa bayan kowace toshewa. Gam na NBCA yana kamawa cikin daƙiƙu, a janye bututu nan take. Onyx, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2005, ana girgiza shi aƙalla minti 20 kafin amfani, ana kuma ɗura shi sannu a hankali na tsawon lokaci, shi ya sa aka fi yin sa a barci. Idan a farke ake, a maimaita gwajin motsi da magana bayan kowace zubawa. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko amai, a faɗa a take: yana iya zama alamar zubar jini, kuma akwai maganin da ke warware heparin nan da nan.

11. Bayan an fito

Za a kwana a ɗakin kulawa ta musamman ana riƙe hawan jini ƙasa-ƙasa, ana tashin maras lafiya a kai a kai a duba ido da hannu da magana. Kada ku ji haushin ma'aikatan jinya kan hana shi barci, kuma tafinta ya kwana kusa. In ta cinya aka shiga, ƙafar za ta zauna a miƙe awa 4 zuwa 6, salla a kwance. Warin tafarnuwa a numfashi bayan Onyx daga ruwan da aka narka shi ne, yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan mako biyu ko uku gashi yana iya zuba a gefe ɗaya saboda hasken na'ura, yawanci yana sake tsirowa.

A koma asibiti ba jira idan aka ga sabon ciwon kai mai tsanani, raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar magana, farfaɗiya, yawan barci, ko kumburi da jini a wurin huda. Toshe rabin dunƙule ba ya kare mutum daga fashewarsa, don haka kada a ji sauƙi a watsar da sauran zama ko tiyatar da aka tsara. Wanda aka bi nasa da haske ya sani dunƙulen yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya rufe. Anjiyogram ne kaɗai ke tabbatar da cewa ya toshe duka. Kafin a baro asibiti a karɓi hotuna a faifai, da rahoton da ya nuna rassan da aka gwada, maganin da aka ɗura, abin da aka gani a kowanne, da ranar anjiyogram na gaba. Masu dawowa gida daga waje su tambayi ranar da aka yarda su hau jirgi kafin su yanki tikiti.